Cokali Uku

Shekara ashirin da shida ina zuba wa Aboabo suga.
Kafin ladan ya gyara murya
tukunyata ta hau murhu,
citta da kanumfari su riga zakara tashin unguwa.
"Mma Lariba, cokali uku."
"Mma Lariba, ƙara, yau hannunki da rowa."
Ni kuwa sai in ƙara.

Sai ƙishirwa ta zo ta tare a maƙogwarona,
randa guda ba ta sallamarta.
Dare ɗaya, fita bakwai.
Zanen da bara yake ƙorafin ƙuguna
bana ya zagaye ni har da saura.
Rannan na ga tururuwa sun yi layi a bayan ɗaki
kamar masu jiran mota a Kejetia,
na tsaya ina kallonsu, buta a hannu.

A asibitin Manhyia wata nas, Afriyie,
ta soki yatsana, ta dubi lamba, ta dube ni.
Ta ce, "Maame, me kike sayarwa?"
Na faɗa mata.
Ita ba ta yi dariya ba. Ni na yi.

Mutawakilu ya ji labari can Tema,
ya aiko da ƙunshi ta hannun direba:
kwalba kore, murfi a liƙe, sidi ɗari biyu da tamanin,
kuɗin gero na kwana nawa ke nan?
Jikata ta zauna tana tauna turancin jikinta,
ni ina kallon hoton ganye.
Na ce, tsaya, Rabiyatu. Na san wannan fuska.

Zogale ne.
Shi, da garafuni, da kirfa, da hulba,
an daka, an ɗura a 'yan ƙwanso masu sheƙi.
Zogalen da ke jingine da katangarmu,
wanda awakin Baba Tahiru ke miƙewa kan ƙafa biyu
su ci kyauta tun safe.
Ashe ɗan gida ne ya je birni ya sa riga,
ya dawo yana gaishe ni da harshen da ba na ji.

Na tuna Inna, da akushinta na kwaɗo,
ƙuli-ƙuli a kai, albasa, ɗan manja.
Muna yara muna yatsina, muna cewa cimar talaka.
Ba ta taɓa musu ba. Takan cinye namu.

Na kai wa Afriyie kwalbar a bakin zane.
Ta juya ta, ta juya, ta karanta har ƙananan rubutu.
"Ban ce zai warkar da ke ba, ban kuma ƙwace ba.
Amma ƙwayar da muka ba ki, kada ki ajiye ta saboda shi.
Ki dawo Talata mu ga abin da jini zai ce."

Yanzu kowace asuba jini na magana,
ɗigo ɗaya, lamba ɗaya.
Wata rana ta sauko, wata rana ta hau kamar farashin gawayi.
In ta sauko ban san wa zan gode wa ba bayan Allah:
kwalba, ko ƙwayar asibiti,
ko malmalar tuwon da na raba biyu,
ko tafiyar ƙasa zuwa Asawase da na daina biyan mota.
Kowa na cewa shi ne.

Da kwalbar ta ƙare na wanke ta, na zuba canji.
Na ce wa Mutawakilu, riƙe kuɗinka, ɗana,
aiko mini da waya in kewaye bishiya.
Baba Tahiru bai gaishe ni ba kwana uku.

Har yau suna zuwa da kofunansu.
"Mma Lariba, cokali uku."
Nakan zuba biyu, in buga na uku a bakin kofi don ƙara.
Babu wanda ya taɓa dawowa da ƙara.

Nawa kuwa gaya nake sha, a tsaye, bayan an watse.
Tsami ya fara zuwa, sai yaji,
sai wani abu can ƙasa mai ƙamshin rumbu.
Shekara ashirin da shida ina dama shi,
ban san haka gero yake ba.